Alƙalan Lahirar Koriya: Daga Bangon Tongdosa Zuwa Allon Silima

A ƙarshen Oktoba na sauka Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, lokacin da itatuwan ginko da ke jere a bakin titi suka rine suka koma ruwan ɗorawa, 'ya'yansu na zuba ƙasa ana takawa, warin yana hawa kai. Harkar kayan gyaran mota ce ta kai ni, kuma na gama ta da wuri a kasuwar Janghanpyeong. Sauran lokacin tun daga Kano na yi masa niyya: ina so in ga inda Koriyawa suka samo lahirar da suke nunawa a finafinansu. Ɗan yayata da ke karatun injiniya a can shi ne bakina, shi ne kunnena a duk tafiyar.

Da na nuna masa itacen na ce ai shi ne na tsohon fim ɗin nan, sai ya ce, "Kawu, wannan ko abokaina 'yan ƙasar ba duka suka gan shi ba." The Gingko Bed nake nufi, na 1996, fim na farko da Kang Je-gyu ya ba da umarni. Wani malamin zane ne ya samu tsohon gado na katakon ginko ya kai gida, daga nan rayuwarsa ta rikice, domin shekara dubu da ta wuce shi makaɗin fada ne da gimbiya ta so, wani janar mai kishi ya kashe shi, kurwar gimbiyar kuma tana cikin katakon. Janar ɗin bai haƙura ba, ya biyo su har Seoul ta zamani. Wanda ya tashi da finafinan Indiya ba zai ji wannan labari baƙo ba, masoya ne mutuwa ta raba suka sake haɗuwa a wani jiki. Na Koriyawa ya fita daban ne daga baya, sa'ad da suka ɗauki mamaci suka shiga da shi kotu.

A Disamban 2017 aka saki fim ɗin Along with the Gods na Kim Yong-hwa. Tikiti sama da miliyan 14 aka yanka masa a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 52 ba. Kashi na biyu, wanda aka ɗauka tare da na farko a lokaci guda, ya fito a Agustan 2018 ya haura miliyan 12. Ga abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai: a ƙidayar 2015 kashi 56 cikin ɗari na Koriyawa sun ce ba su da addini, 'yan Buda ba su kai kashi 16 ba, Kiristoci ma sun fi su yawa. To me ya cika gidajen silima maƙil don kallon hisabin 'yan Buda?

Ga wanda bai gani ba, labarin Kim Ja-hong ne, ɗan kwana-kwana da ya mutu wajen ceton wata yarinya daga gobara. 'Yan aiken lahira uku suka karɓe shi, Gangrim da Haewonmak da Deok-choon, aikinsu su raka shi su kuma kare shi a gaban alƙalai bakwai cikin kwana 49: kisa, lalaci, ƙarya, zalunci, cin amana, duka, sai na ƙarshe, saɓa wa iyaye. In ya tsallake duka sai a sake haifarsa a duniya. Asalin labarin zane ne da ake karantawa a intanet, na Joo Ho-min, wanda ya fara fitowa a shafin Naver a 2010, kuma a can Ja-hong ma'aikacin ofis ne da aiki da shan giyar dole suka ƙarasa, yana da lauyansa daban. Masu fim suka mai da shi ɗan kwana-kwana, suka ɗora wa Gangrim aikin lauyan.

Wani abokin ɗan yayata ne ya ce mini in ina son ganin tushen abin, in bar gidan adana finafinai da ke Sangam, in nemi kowane babban wurin bautar 'yan Buda in tambayi ɗakin da ake kira Myeongbujeon. Muka yi sallar Juma'a a babban masallacin Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, washegari muka hau jirgin ƙasa mai gudu, KTX, muka yi kudu. Mun sauka a tashar Ulsan, wadda sunan Tongdosa ke liƙe da nata, daga nan bas ta ƙarasa da mu.

Tongdosa tsohon wuri ne, a shekarar 646 wani malaminsu mai suna Jajang ya kafa shi, kuma yana cikin wuraren bauta bakwai na kan tsauni da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2018. Kafin a isa sai an bi wata doguwar hanya ta ƙasa a gefen rafi, tsofaffin itatuwa masu ganye siriri sun yi mata rumfa. Yawancin masu zuwa babban zauren suke nufa, wanda babu gunki a cikinsa, taga ce kawai da ke kallon inda suka ce an ajiye ragowar jikin Buda. Mu muka ratse zuwa ɗakin alƙalai.

Na cire takalmi na shiga ta ƙofar gefe, domin ta tsakiya ta malamansu ce. Ɗakin da duhu-duhu, ƙanshin turaren tsinke ya kama katakonsa. A tsakiya akwai wani mai askakken kai a zaune, shi ne Jijang, wanda suka ce ya yi alwashin ba zai huta ba sai wuta ta zama wayam babu kowa. Dama da hagunsa sarakuna goma ne a kan kujeru, da hular sarauta da manyan riguna irin na ma'aikatan fadar Sin ta da. A kusa da su ga magatakarda riƙe da takardu, ga 'yan aike, ga yara masu hidima. Duk wanda ya taɓa zuwa kotu zai gane wurin tun kafin a yi masa bayani. Wata dattijuwa mai wando toka-toka tana goge ƙasa da tsumma, ɗan yayata ya rusuna ya ce mata "Bosal-nim," kamar yadda ake kiran matan da ke hidima a wurin, ya roƙe ta ta nuna mana wanne ne wanne.

Ta ajiye tsumman ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Jingwang ne ke karɓar mamaci a kwana na bakwai, Chogang a na 14, Songje a na 21, haka ake tafiya bakwai-bakwai har Taesan a kwana na 49. Wanda shari'arsa ba ta ƙare ba sai ya jira na takwas a kwana na 100, na tara bayan shekara guda, na goma a shekara ta uku. Na huɗu, Ogwan, shi ke da ma'auni. Na biyar shi ne Yeomra, kuma shi ke da madubin da mamaci zai tsaya a gabansa ya ga duk abin da ya aikata yana gudana. A zanen waɗannan sarakuna, wanda daga baya na ƙare wa kallo a gidan tarihin wurin, ƙasan kowane sarki azabarsa ce. Ɗaya ta tsaya mini a rai: an ɗaure mutum a jikin turke, an zaro harshensa an shimfiɗa shi a ƙasa har ya yi faɗin fili, ga wani da saniya da garma yana huɗa a kansa. Na maƙaryata ne da masu raba tsakani. Mai zanen bai yi gaggawa ba, har layin kunyoyin ya fitar ɗaya-ɗaya.

A nan na ga iyakar abin da masu fim suka ƙirƙira da abin da suka tarar. Sunayen alƙalansu bakwai duk ga su a zaune. Madubin da ke haska laifin Ja-hong a kotu ga shi nan, kuma in ka lura, madubin da ke nuna abin da ya wuce ai silima ne tun kafin a yi silima, mai ba da umarni bai sha wahalar neman hanyar komawa baya a labari ba. Abin da suka sauya shi ne tsari. Sun mai da Taesan ƙaramar yarinya mai tsotsar alewa, suka ba ta shari'ar ƙarya, wai don yaro ya fi babba saurin gane maƙaryaci. Sun mai da wasu sarakunan mata. Mafi girma, sun ɗauke Yeomra daga kujera ta biyar suka kai shi ƙarshe, suka damƙa masa shari'ar haƙƙin iyaye.

Wannan ba haka kawai ya zo ba. Tsarin sarakuna goma a ƙasar Sin ya ginu, wajen ƙarshen daular Tang, shi ya sa lahirar tasu ta yi kama da ma'aikatar gwamnati, da hatimi da rajista da wa'adi. Da daular Joseon ta hau mulki a Koriya a 1392, sai ta ɗauki koyarwar Konfushiyas ta danne addinin Buda, ta ƙwace filaye, ta hana malamansa shiga babban birni. Amma ɗan da uwarsa ta mutu yana son wanda zai yi mata roƙo, kuma ta wannan ƙofa wuraren bautar suka ci gaba da samun masu zuwa. Shi kansa Jijang, a littafinsu, a wata rayuwar da ta gabata 'ya ce da ta bi sawun uwarta har wuta don ta cece ta. Ɗakin alƙalan nan, duk da ban tsoron da ke jikin bangonsa, 'ya'yan mamata ne suke riƙe da shi.

Mun kuwa gan su. A wani zaure kusa, wasu iyali suna cika kwana 49 na mahaifiyarsu. Daga bakin ƙofa na tsaya. Hotonta na kan tebur, fuska a sake, da gani a wurin wani biki aka ɗauke shi. An jera tuffa da wainar shinkafa da dafaffen ganye, babu nama. Malamin na karatu yana kaɗa 'yar ƙararrawa da hannu ɗaya, wani na buga ƙoƙon katako. 'Ya'yan suna fitowa bi da bi su zuba ruwa a ƙaramin kofi su durƙusa. Babban ɗan, mai furfura a gefen kai, sanye da baƙar kwat, da ya kai goshinsa ƙasa bai iya tasowa ba sai da ƙanwarsa ta kama shi. Da aka gama suka fita a jere zuwa wani ɗan murhu na bulo a bayan gini, aka ƙona takardar sunanta da wasu fararen tufafi. A imaninsu ranar nan ake yanke inda za ta koma, kuma roƙon masu rai yana iya sassauta hukuncin.

Ni Musulmi ne. Ban yarda rai na komawa wani jiki ba, kuma na san hisabi na Allah ne shi kaɗai, ba shi da mataimaka goma. Na faɗa wa ɗan yayata haka muna saukowa, shi ma bai ce komai ba sai "Haka ne, Kawu." Amma kukan mutumin nan ban buƙaci tafinta ba kafin in gane shi, kuma shi ne ya amsa mini tambayar da na taho da ita.

Domin in aka cire dodanni da tekun wuta da hamadar da kwamfuta ta zana, fim ɗin gaba ɗaya gangara yake yi zuwa dare guda. Ja-hong yana saurayi, talauci ya kai su maƙura, uwarsu bebiya ce kuma tana kwance ba lafiya, sai ya ɗauki matashin kai da niyyar ya kashe ta, sannan shi da ƙanensa su bi ta. Ƙanen ya hana shi, Ja-hong ya lakaɗa masa duka, ya gudu daga gida. Shekara 15 bai iya haɗa ido da ita ba. Yana aiki dare da rana yana aiko kuɗi, yana rubuto mata wasiƙun ƙarya cewa yana cikin daɗi, ya saya mata tukunyar lantarki mai yin ƙanzon shinkafa saboda tana so, bai samu ƙarfin zuciyar kai mata ba har ya mutu. A gaban Yeomra ne ya ji cewa a daren nan idonta biyu. Ta san abin da yake shirin yi, ta yi shiru, tana ganin mutuwarta ce za ta sauƙaƙa wa 'ya'yanta. Da ta samu baki a cikin mafarki, kanta ta ɗora wa laifin. Sai Yeomra ya yaga takardar hukunci, bisa dokar cewa laifin da aka yafe da zuciya ɗaya a duniya, lahira ba ta sake shari'arsa.

Wannan gaɓar ce ta sa na ɗauki fim ɗin da muhimmanci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a jana'iza a garinmu ya ji ana cewa jama'a a yafe masa, wanda ke bin sa bashi ya zo ya faɗa, ya san haƙƙin mutum abu ne da sai mai shi ya sauke. Koriyawan da suka cika silima, ciki har da waɗanda suka ce ba su da addini, mutane ne da suka bar iyaye a ƙauye suka tafi Seoul neman abinci, aiki ya cinye su, ziyara ta koma sai lokacin biki. Ba sai sun yarda da Yeomra ba kafin su ji tsoron mutuwar uwa da sauran magana a tsakani. Kashi na biyu ma kan wannan jijiyar ya sake taɓawa, sai dai uba ne a wannan karon: Gangrim ya yi shekara dubu yana ɗauke da laifin barin mahaifinsa ya mutu a fagen yaƙi saboda hassadar ɗan riƙo.

Daga Tongdosa muka gangara Busan, garin da ake bikin finafinai na duniya tun 1996. Mun zaga Nampo-dong inda aka dasa tafin hannun 'yan fim a ƙasa, muka ci wainar hotteok mai cike da 'ya'yan itatuwa da sukari, da zafinta a kofin takarda. A masauki muka sake kallon kashi na farko, kuma a nan na tabbatar da abin da ke damuna game da shi. Sake haihuwar, wadda ake ta fafutuka dominta, ita ce mafi rauni a fim ɗin. Ja-hong ya ci shari'a, haske ya ɗauke shi, shi ke nan. Ba a nuna wa ya zama ba, ba a tambayi ko zai tuna uwar da ya sha wannan wahala dominta ba. Kuma a koyarwar Buda dawowa duniya ba lada ba ce, ita ce ma wahalar da ake neman kuɓuta daga gare ta. Fim ɗin ya mai da ita kyautar wanda ya ci jarrabawa, don labari na bukatar abin da za a yi tsere a kai. Ina ganin masu shi kansu ba dawowar ce ta dame su ba, yafiyar ce.

Sunan Gangrim kuwa babu shi a ɗakin alƙalai. Labarinsa a tsibirin Jeju na same shi. Daga Busan jirgin sama bai cika sa'a guda ba. Tsibiri ne na baƙin dutsen aman wuta mai huji-huji, lokacin kuma lemo ya nuna, ko'ina ka duba gonakinsa ne. A tsakiyar gonakin za ka ga kabari, tudun ƙasa mai ciyawa an kewaye shi da katangar dutse ta kusurwa huɗu, manomi na aikinsa a gefe. A wasu akan bar 'yar kafa a jikin katangar, wai ƙofar da mai kabarin zai bi in zai je gida cin abincin da aka ajiye masa ranar tunawa da shi. Mutanen Jeju na cewa allolin tsibirinsu 18,000 ne, kuma bokayensu, da ake kira simbang, su ke rera tarihin kowanne a wurin biki.

Mai masaukinmu tsohuwa ce, ɗan yayata na kiranta "Samchun" yadda ake kiran manya a tsibirin, mace ko namiji. Ita ta ba mu labarin da daddare tana ɓare mana lemo, ta ce tun tana yarinya take jin sa a bakin simbang. Wata muguwar mata ce, matar Gwayangsaengi, 'ya'yan sarki uku suka sauka a gidanta da dukiya. Ta ba su giya suka bugu, ta zuba musu tafasasshen mai a kunne, ta jefa gawarwakin a tafki. Furanni uku suka tsiro a wurin, ta tsinko su, daga baya ta jefa su a wuta, suka zama duwatsun ado uku, ta sa a baki tana wasa da su har ta haɗiye. Sai ga ciki. Ta haifi 'yan uku, suka tashi da ƙwaƙwalwa, suka ci jarrabawar zama ma'aikatan sarki a rana ɗaya, suka dawo gida ana kiɗa, suka durƙusa gaida iyaye, ba su ƙara tashi ba. Waɗanda ta kashe ne suka dawo ta cikinta, don ta ɗanɗana abin da ta ɗanɗana wa wata uwar. A nan dawowa duniya tana da haƙora.

Matar ta dami hakimin garin da ƙara, shi kuma ya rasa yadda zai yi, sai ya umarci dogarinsa Gangrim ya je lahira ya kamo Yeomra ya zo ya yi bayani. Gangrim na da ƙwarƙwarori 18, babu wadda ta san mafita. Uwargidan da ya yi watsi da ita ce ta daka shinkafa ta yi waina, ta roƙi mai tsaron murhu da mai tsaron ƙofar gida suka nuna masa hanya. Ya je ya ɗaure Yeomra, Yeomra ya zo duniya ya sa aka yashe tafkin, ƙasusuwa suka fito, asiri ya tonu. Jarumtar dogarin ta burge Yeomra, ya nemi a ba shi shi, hakimi ya ƙi, suka yi rabo: hakimi ya zaɓi gangar jiki, Yeomra ya ɗauki rai. Nan take Gangrim ya faɗi, ya zama ɗan aiken lahira.

Tsohuwar ta ƙara da cewa an taɓa ba Gangrim takarda ya kai wa mutane, cewa kowa sai ya tsufa zai tafi, kuma bi da bi. Ya gaji a hanya ya ba hankaka ya kai masa. Hankaka ya hango inda ake fiɗar doki ya sauka, takardar ta faɗi, maciji ya haɗiye ta. Da ya rasa abin faɗa sai ya riƙa shela yadda ya ga dama, yaro ya tafi, babba ya tafi, ɗa ya riga uba. Ta ce shi ya sa har gobe tsofaffin Jeju ba sa son kukan hankaka a kan rufin gida. Na tambaye ta ko ta ga fim ɗin. Ta ce jikarta ta kai ta, kuma ta yi kuka a wurin uwar kamar kowa, amma ta yi ta jira a nuno matar Gangrim har aka kunna fitilu ba ta gan ta ba.